Garin Mai Lofe a Jikin Bango

Ku 'yan zamani da kuke danna na'ura ta tofo muku hoto a leda, ku liƙa a bango ku ce kun yi zane, ku matso ku ji. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa wai aikin fenti ba komai ba ne, ka tsoma burushi ka shafa. To, sannu da ƙoƙari. Ni Ɗanlami na fara riƙe burushi tun ba a buɗe babbar kasuwar Taminus ɗin nan da ta ƙone ba, kuma har gobe in zan ja layi a jikin allo sai na ɗauke numfashi.

A hannun Oga Inuwa na koya, a wata rumfar kwano bayan tashar Farin Gada, inda manyan motoci ke lodin tumatir da kabeji zuwa kudu. Ba a ba ka burushi daga zuwa. Sai ka goge bodin katako na mota da samfefa har yatsunka su daina jin zafin tuwo, ka wanke burusa a kananzir har matarka ta gane ka da wari tun daga ƙofar gida. Ƙaramin burushin da ake ja wa zaki gashin baki ba a sayar da shi a kanti. Gashin wutsiyar akuya muke tsinkowa a mayanka, mu ɗaure da zare a kan tsinke. In za mu ja dogon layi, zare muke shafa wa alli, mutum biyu su ja shi ya yi tauri, a ɗaga a saki, ya bar sawu a jikin katako.

Oga Inuwa, Allah Ya jiƙansa, abu biyu ya dasa mini a ka. Na farko, kada ka bar fili. Direba in ya ga tafin hannu guda babu zane a motarsa, sai ya ce an cuce shi. Don haka in wuri ya rage, ka sa tsuntsu, ka sa jirgin sama, ka sa fure. Na biyu kuwa sai da na gani da idona na yarda.

Wani direba ne mai suna Garba, mai dakon dankali, ya ce a yi masa zaki a bayan mota. Oga ya zana zaki, wallahi kamar ya yi gurnani, amma ya yi masa wutsiya guntuwa irin ta bunsuru. Na ce, "Oga, wutsiyar fa?" Ya ce in rufe baki. Garba ya zo, ya zagaya motar yana taɓe baki, can ya yi tsalle: "Haba Oga Inuwa! Wannan zaki ne ko ɗan akuya?" Oga ya dafe kai ya ce, "Kai, Garba, idonka ya fi nawa." Ya ɗauki burushi ya ƙara wutsiya. Garba ya ja motarsa yana washe baki, duk tasha sai da ya gaya wa mutane shi ya gyara zakin. Da ya tafi Oga ya ce da ni, "Kullum ka bar wa mai kaya abu ɗaya da zai gyara. In ba ka bar masa ba zai nemo da kansa, kuma wanda zai nemo shi ne wanda ba ya gyaruwa."

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda sojoji ke shirin miƙa mulki. Oga ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, fenti kuma ya ɓace daga kantuna. Wanda ka samu ma tsohon ajiya ne, ka buɗe gwangwani ka tarar ya yi fata. Aikin kuza ya ja baya, motocin kamfani sun ragu, direbobi kowa ta tayar motarsa yake, wa ke ta zaki? Ga damina ta sauka irin ta Jos, ruwa safe da yamma, wani lokaci har da ƙanƙara, abin da ka shafa yau jibi ma yana kama hannu. Na koma rubuta lamba a jikin baro da allon masu aski. Har na fara tunanin in ajiye burushi in shiga lodin kabeji.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta sauka daga tasi a bakin rumfata, riƙe da lema. 'Yar Birom ce, sunanta Mama Kangyang, daga Rayfield. Mijinta kowa a Jos ya san shi, Baba Mai Lofe, saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Ba Ingilishi ba ne kamar sauran Turawan kuza, mutumin Faransa ne, makanikin manyan injinan haƙa. Ya zo yana saurayi, ya aure ta, 'yan'uwansa Turawa suka yi ta tafiya shi ya zauna. Hausa a bakinsa kamar ɗan tasha.

Ta ce, "Kai ne mai zanen mota?"

Na ce, "Ni ne, Mama."

Ta ce, "Kana iya zana gari?"

Sai ta zauna a benci ta ba ni labari. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Ya so ya je ya ga garinsu, likita ya ce ba zai iya hawa jirgi ba, ko da wasa. Tun daga ranar da ya ji haka ya juya fuska bango, ya daina magana, ya daina cin abinci, sai shayi da ƙyar. In ya buɗe baki sunan garinsu kawai yake kira. Ta ce, "Ɗana, mutumin nan yana narkewa a gabana. Ba zan iya kai shi garinsu ba. Ka kawo masa garin, ko Allah zai sa ya gani ya ci abinci."

Na ce ta ba ni hoto. Ta ce hotunan suna cikin akwati, gara ta cinye su tas. Na ce to ita ta taɓa zuwa? Ta girgiza kai. Ashe ni da ita duk ɗaya muke, ji kawai. Amma ta ce shekara da shekaru tana jin labarin, ta haddace shi kamar waƙar coci. Ƙaramin gari ne a bakin kogi, akwai gada ta dutse, akwai coci mai dogon kai, akwai tuddai a baya, a kan tuddan kuma ƙananan ƙauyuka da gonaki, duk a ƙarƙashin hukumar garin suke. Sunan garin ta faɗa mini sau da yawa, bai taɓa zama a bakina ba.

Bangon baranda ta ba ni, inda ake fito da shi a kujera kowace safiya ya sha hantsi. Na kankare tsohon farin ƙasa, na toshe tsaga, na sa farin fenti na ƙasa, na rataya tabarma don kada ya gani sai an gama. Wani abokina ya ce, "Kai da sallarka za ka zana coci?" Na ce gini ne, kuma mara lafiya ne ke nema, ya bar ni da Ubangijina.

To, ga inda rashin sani ya fi dare duhu. An ce kogi, ni kuwa kogin da na sani Dilimi ne da damina, jajawur da ƙasar kuza, sai na dama ja da ruwan ƙasa na malala. An ce tuddai, na jera duwatsu wani kan wani irin na hanyar Bukuru. An ce gonaki, na zagaye su da shingen kyarana. Gidaje na yi musu rufin kwano. Sama ta yi mini fili da yawa, na sa jirgin sama da shaho. Gada ma na ga ba ta kyautu ba kowa, na ce bari in sa mace tana tsallakawa. Amma ni ban taɓa ganin Baturiya tana tafiya a ƙasa ba, kullum a mota suke wuce mu. Matar da nake gani a gidan ita na zana, da zanin zumuntar mata na cocinsu, da ɗankwali, da kwando a ka. Mama ta leƙa bayan tabarma ta ce ya yi kyau, don ita ma haka garin yake a kanta.

Ranar da aka cire tabarma, aka turo Baba a kujera. Dogon mutum ne, amma ya zama ƙashi da fata, bakinsa ya karkace, sanda a kan cinya. Ya dubi bangon. Ni ina gefe ina jiran yabo. Sai na ga ya ɗaga sandar nan da hannunsa mai lafiya ya buga a siminti.

Ya ce, "Wa ya yanka saniya a cikin kogina?"

Mama ta saki faranti. Rabon da ta ji jimla guda daga bakinsa ta manta. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai tsaya nan ba. "Wannan dutse na Bukuru ne! Wannan jirgi me yake nema? Kai mai fenti, ka taɓa ganin gari kuwa?" Maganar tana fita da ƙyar, yawu na zuba, amma tana fita. Ya yi faɗa har numfashinsa ya sarƙe, sannan ya juya ya ce da Mama, "Kawo mini kunu. Wannan mutum zai kashe ni." Ta ruga kicin da gudu kamar yarinya. Ya shanye kofi guda yana hararata.

Daga ranar aiki ya koma hannunsa, ni na zama burushi kawai. Launin kogin nan kaɗai sai da ya ci mana kwanaki. Na kawo shuɗi irin na mota, ya ce wannan na bokiti ne. Na kawo kore, ya ce ciyawa ce. Ƙarshe ya ce, "Ka san miyar kuka? Ka tsinka ta da ruwa, ka ajiye a inuwa. Shi ne." Ga fenti babu. Na haɗa ragowar kore da fari a gwangwanin madara, na ƙara bular wanki, na kankaro baƙin fitila na zuba kaɗan kaɗan, ina ɗiga masa a bayan faranti yana dubawa. Da ya yi daidai, sai ya lumshe ido.

Ya koya mini abin da Oga Inuwa bai koya mini ba, wato ruwa yana da gaba da baya. Ya ce kogina a tsaye yake kamar kududdufi. Nasu daga hagu yake zuwa, kuma ana gane haka ne a ƙafafun gada, inda ruwa ke tarowa ta gaba ya bar 'yar wutsiya ta baya. Na sa farin layi siriri da burushin gashin akuya a bayan kowace ƙafa, sai ga kogi yana tafiya. Har yau in na ga zanen ruwa, nan nake fara dubawa.

A haka na san garin nan lungu lungu. Rufin gidajensu ba kwano ba ne, fallen dutse ne mai ruwan toka, a tsaye sosai don ƙanƙara ta zame. A bakin kogi akwai itatuwa dogaye sirara a jere, kamar itacen turare amma sun fi shi tsukewa. Akwai rumfar dutse inda mata ke wanki, nan uwarsa take durƙuso har lokacin sanyi, hannunta ya yi ja. Ubansa ɗan kwale-kwale ne, yana dakon itace da ganguna, gidansu na ƙarshe ne kafin gada, mai koren ƙyaure. A jikin bangon gidan akwai zane da aka tsaga inda ambaliya ta kai wata shekara, ya ce ranar a kwale-kwale aka fitar da su ta taga. A tsakiyar gari akwai gidan hukuma mai agogo da tuta. Shugaban da suke zaɓa wai mai gidan burodi ne, da asuba yana murza fulawa, da hantsi ya rataya ɗamara ya ɗaura aure. Na ce, "Baba, wannan kuma ka ƙara gishiri." Ya ce in je in tambaya.

Ƙauyukan kan tudu ma bai yarda a yi musu kuɗin goro ba. Wannan na masu inabi ne, a yi masa layi layi a gangare. Abin da suke yi da inabin ban tambaya ba. Wancan na masu shanu ne da cuku, wancan kuma mai injin niƙa da ruwa ke juyawa. Ya ce mutanen tudu da na bakin kogi kullum cikin tsiya suke, waɗannan su ce waɗancan marowata, waɗancan su ce waɗannan malalata, amma ranar kasuwa duk a dandali ɗaya suke haɗuwa, in kogi ya cika kuwa na tudu ne ke fara saukowa da amalanke. Na ce ashe ko'ina haka mutane suke. Yana magana Mama na tura masa cokali, gwate ne, dankali ne, ba ya ma sanin yana ci.

Sai wata safiya aiki ya ƙare. Ya bi bango da ido daga wannan gefe zuwa wancan, sanda ba ta motsa ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Shi ke nan." Ya sa aka mayar da shi ɗaki. Ranar ko shayi bai karɓa ba. Ina ɗaure gwangwanaye a bayan keke Mama ta biyo ni bakin get, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Ɗanlami, ka gama ke nan?"

Na tsaya riƙe da igiya. Wutsiyar zakin Garba ce ta faɗo mini a rai. Na ce, "A'a Mama, da saura. Gobe ki fito da shi ko yana so ko ba ya so."

Washegari na riga shi fitowa. Na juya kan kwale-kwalen ubansa, na mayar da koren ƙyaure shuɗi. Aka turo shi yana ƙunƙuni, kai a sunkuye. Da ya ɗago, sai sanda ta sauka a siminti. "Wane ɗan iska ne ya taɓa ƙofar gidanmu?" Na dafe kai na ce, "Kai, Baba, idonka ya fi nawa." Mama ta juya baya tana goge fuska da bakin zani, ta tafi ɗauko kunu.

Haka muka yi har damina ta wuce. Da safe in taka keke daga Farin Gada zuwa Rayfield, in ɓata abu ɗaya, in sha zagi, in gyara, da rana in koma rumfa. Yau tuta ta koma gefen da ba nata ba, gobe inabi ya hau ƙauyen masu shanu. Kada ku ɗauka ɓata zane abu ne mai sauƙi. In ya yi girma ka lalata aiki, in ya yi ƙanƙanta tsohon ido ba zai gani ba, kuma dole sabon fenti ya saje da tsoho. Ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da kaina kamar wannan ba, kuma ban taɓa yin wanda na so kamarsa ba.

Amma fenti ba ya hana ajali. Jikinsa ya ci gaba da sauka, muryar ta koma can ƙasa. Wata safiya aka fito da shi a lulluɓe da bargo, ya yafito ni da yatsa. Na durƙusa kusa da kujera.

Ya ce, "Mai fenti, yau me ka ɓata mini?"

Ya yi 'yar dariya da rabin bakinsa ya ce, "Ni makanike ne. Na san injin da ya lalace, na san wanda aka kwance wa noti."

Gaskiya ranar ban taɓa komai ba, dabara ta ƙare mini. Abu ɗaya ya rage daga zanena na farko wanda bai taɓa ɗaga wa sanda ba, ni kuma na ajiye shi sai ranar da na rasa na yi. Na nuna gada na ce, "Baba, saura wannan. Garinku ai babu mai zani da kwando a ka. Bari in goge ta." Na tsoma burushi a launin dutse na miƙe.

Sandar nan ta tare mini hannu. Ƙarfin da ya rage masa ke nan.

Ya ce, "Bar ta. Tun ranar da na aure ta nake ce mata baɗi zan kai ki garinmu. Baɗi, baɗi, har na zama haka. Ni ban kai ta ba. Kai ka kai ta."

Mama tana tsaye da kofi a hannu. Ta matso ta ƙura wa gadar ido, ta ga zanin zumunta, ta ga ɗankwali. Ta ce, "Ashe ni ce?" Ya ce, "Wa kike tsammani nake kallo kullum?" Na tattara burusana na koma bayan gida, na daɗe ina wanke abin da yake a wanke.

Bai yi mako ba ya rasu. A Jos aka binne shi, na je na tsaya daga baya tare da tsofaffin leburorin kuza. Bayan an share makoki Mama ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a baranda, a kujerarsa, ta rame, ga abinci a gefe an rufe ba a taɓa ba. Ta ce, "Ɗana, ka bar ni ni kaɗai a kan gada a garin da ban san kowa ba. Ka sa shi kusa da ni."

Na dama fenti, na ɗaure sabon gashin akuya. Na zana shi dogo kamar yadda yake kafin ciwo, da hularsa, yana gefenta, sun nufi gida mai koren ƙyaure. Na sa masa lofe a hannun dama, hayaƙi na tashi. Na ja da baya na ce ta duba.

Ta daɗe tana kallo. Can ta ɗaure fuska, ta gyara zama, ta nuna da yatsa.

Ta ce, "Haba Ɗanlami! Duk zaman da ka yi da shi? A hagu yake riƙe lofensa."

Na dafe kai na ce, "Kai, Mama, idonki ya fi nawa. Yau fentin bai bushe ba. Ki ci abincinki, gobe da safe zan zo in gyara."